Tambayoyi da Amsoshi a kan Ƙirar 3D da Abin da Ta Sauya a Masana'antu

Kimanin shekara goma sha da suka wuce an yi ta yayata cewa firintar 3D za ta rufe masana'antu, kowa ya riƙa buga takalminsa da cokalinsa a ɗaki. Hakan bai faru ba, kuma babu alamar zai faru. Sai dai a wasu sassa, kamar injin jirgin sama da na'urar taimaka wa ji da gyaran haƙori, wannan fasaha ta riga ta ture tsohuwar hanya gefe ba tare da hayaniya ba. Ga tambayoyin da aka fi yi a kanta.

Mece ce ƙirar 3D, kuma me ya raba ta da ƙirar da muka saba gani?

Tun fil azal hanyoyin da ake fitar da kaya daga ƙarfe ko roba ba su wuce uku ba. Ko dai a ɗauki dunƙule a sassaƙe shi a gurje har siffar da ake so ta fito, ko a narka a zuba cikin mazubi, ko kuma a daka a lanƙwasa kamar yadda ake yi a maƙera. Ƙirar 3D ta zo da hanya ta huɗu: ana gina abin ne daga ƙasa, hawa kan hawa, ana sa kayan haɗi a inda ake buƙatarsu kaɗai. Wanda ya taɓa ganin maginiyar tukwane tana ɗora murɗaɗɗen yumɓu zagaye kan zagaye har randa ta tashi ya riga ya ga tushen abin.

Aikin yana farawa ne a kwamfuta. Ana zana kayan da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa, sai wata manhaja ta yanyanka zanen siri-siri, na'ura kuma ta bi yankan ɗaya bayan ɗaya. A ƙananan injinan roba kaurin kowane hawa yakan kama daga milimita 0.1 zuwa 0.3. A injinan ƙarfe ya fi haka siranta nesa ba kusa ba, sau da yawa bai kai kaurin gashin kai ba. Idan hawa ɗaya milimita 0.05 ne, kayan da tsawonsa bai wuce santimita 10 ba zai ci hawa 2,000. Daga nan za ka gane dalilin da ya sa aikin yake cin lokaci.

Sabuwar fasaha ce?

Ta haura shekara arba'in. A 1981 wani mai bincike a Nagoya ta ƙasar Japan, Hideo Kodama, ya wallafa bayanin yadda za a daskarar da ruwan roba da haske hawa-hawa. A 1984 Chuck Hull na Amurka ya nemi haƙƙin mallakar irin wannan hanya, ya samu a 1986, ya kafa kamfanin 3D Systems. A daidai wannan lokaci Carl Deckard na Jami'ar Texas da ke Austin yana gwada haɗe gari da hasken leza, Scott Crump kuma ya fito da hanyar narka zaren roba, ya kafa kamfanin Stratasys a 1989, shekarar da aka kafa kamfanin EOS mai ƙera injinan 3D a Jamus.

Abin da ya sa jama'a ba su ji labarinta ba sai daga baya shi ne tsada da haƙƙin mallaka. A 2005 Adrian Bowyer na Jami'ar Bath a Ingila ya fara shirin RepRap, inda ya saki zanen injinsa kyauta ga duk mai so. A 2009 wa'adin haƙƙin mallakar hanyar zaren roba ya ƙare, sai ƙananan kamfanoni suka yi caa. Injin da a da sai dubban daloli masu yawa, yau ana samun irinsa a kan 'yan ɗaruruwa, kuma akasarinsu daga Shenzhen ta ƙasar Sin suke fitowa, daga kamfanoni irin su Creality da Bambu Lab.

Injinan duk iri ɗaya ne?

A'a. Hukumomin ƙa'idojin ƙira na ISO da ASTM sun raba su gida bakwai, amma huɗu ne za ka fi cin karo da su.

Akwai mai narka zaren roba ya fitar da shi ta ɗan ƙaramin baki mai zafi, wanda shi ne aka fi gani a makarantu da shaguna. Akwai mai daskarar da ruwan roba da haske, wanda aikinsa ya fi sumul, shi ya sa likitocin haƙori da maƙeran zinariya suka fi son sa. Akwai mai shimfiɗa gari, na roba ko na ƙarfe, leza ta bi ta narka inda ake so, a sake shimfiɗa wani garin a kai. Wannan shi ne gwarzon masana'antun jiragen sama da na kayan asibiti. Na huɗu yana fesa danƙo a kan gari ko yashi, ba ya narka komai, kuma ana buga mazubin yashi da shi don a zuba narkakken ƙarfe a ciki.

Akwai kuma wanda ke aiki da hannun mutum-mutumi da wayar walda, yana ɗora layin walda kan layi. Da irinsa aka ƙera farfelar jirgin ruwa a tashar Rotterdam a 2017, da gadar ƙarfe mai tsawon mita 12 da kamfanin MX3D ya kafa kan wata mashigar ruwa a Amsterdam a 2021.

To me zai sa mai masana'anta ya bar hanyar da ya sani ya koma wannan?

A nan ne maganar take, kuma lissafi ne zalla. A tsohuwar hanya, kafin a fitar da bokitin roba ko da guda ɗaya sai an ƙera mazubinsa na ƙarfe, aikin da kan ɗauki makonni ko watanni kuma ya lashe kuɗi mai yawa. Idan bokiti miliyan za a yi, kuɗin mazubin ya narke a cikinsu, kowane ɗaya ya fito da araha. Idan kuwa guda hamsin ake so, ba mai hankalin da zai fara. Shi ya sa sama da ƙarni guda masana'antu suka ginu a kan ƙa'ida ɗaya: a yi abu iri guda, a yi shi da yawa.

Firintar 3D ba ta buƙatar mazubi. Kuɗin na farko da kuɗin na dubu kusan ɗaya ne. Wannan rauni ne idan ana son miliyan, amma ƙarfi ne idan ana son kaɗan, ko ana son kowane ɗaya ya sha bamban da ɗan'uwansa. Canza ƙira ba ya nufin jefar da mazubi a ƙera wani. Gyara zane ne a kwamfuta.

Abu na biyu, rikitarwar siffa ba ta ƙara kuɗi sosai. Injin gurza ba zai iya huda rami mai lanƙwasa a cikin dunƙulen ƙarfe ba, domin bakinsa miƙaƙƙe ne. Na'urar da ke gini hawa-hawa kuwa sai dai kawai ta bar wurin babu komai. Don haka ana iya yin kaya mai saƙar ciki, mara nauyi amma mai ƙarfi, ko mai hanyoyin ruwan sanyaya da ke bin siffar kayan. Sassa ashirin da a da ake haɗawa da walda da kusoshi ana iya fitar da su a jiki ɗaya, kuma duk mahaɗar da aka kawar, an kawar da wurin da zai iya yoyo ko karyewa.

A ganina amfanin da ya fi kowanne yawa shi ne wanda ba a cika ɗaukar hotonsa ba: samfurin gwaji da kayan aikin cikin masana'anta. Injiniya ya zana abu da safe, washegari ya riƙe shi a hannu, ya ga kuskurensa, ya gyara. Masana'antar Volkswagen da ke Fotugal ta yi suna wajen buga 'yan madafai da ma'aunai da ma'aikata ke amfani da su wajen haɗa mota, maimakon ta ba da kwangilarsu a waje ta jira makonni. Motar ba bugaggiya ba ce, amma hanyar yin ta ta gajarce.

Akwai misalin kayan da aka buga kuma ake amfani da shi da gaske, ba na baje koli ba?

Wanda aka fi kafa hujja da shi shi ne bakin feshin mai na injin LEAP, injin da kamfanin GE na Amurka da Safran na Faransa suke ƙerawa tare, wanda ke jikin jiragen Airbus A320neo da Boeing 737 MAX. A tsohuwar hanya kan wannan baki sassa 20 ne ake haɗawa. Da aka koma buga shi da garin ƙarfe sai ya zama guda ɗaya, nauyinsa ya ragu da kashi 25 cikin ɗari, kamfanin kuma ya ce ƙarkonsa ya ninka sau biyar. Injin ya fara ɗaukar fasinja a 2016, kuma zuwa 2021 masana'antar GE da ke Auburn a jihar Alabama ta buga guda 100,000. Duk wanda ya hau jirgin da ke da wannan inji to ya riga ya ɗora ransa a kan bugaggen ƙarfe.

A wani injin nasu mai suna Catalyst, GE sun ce sassa 855 sun dunƙule sun koma 12. Boeing kuma tun 2017 take sa wasu sassan ƙarfen taitaniyom da kamfanin Norsk Titanium ya buga a jikin jirgin 787.

Masu harba roka sun fi kowa rungumar abin, domin injin roka cike yake da ƙananan hanyoyin sanyaya, kuma ba a yin su da yawa. Kamfanin Rocket Lab yana buga manyan sassan injinsa na Rutherford. A Maris 2023 kamfanin Relativity Space ya harba rokar Terran 1 da kusan kashi 85 cikin ɗari na nauyinta bugagge ne. Ta tashi, ta jure matsin iska mafi tsanani, amma injin sashen rokar na biyu ya ƙi kamawa yadda ya kamata, ba ta kai falaki ba.

A asibiti fa?

Jikin mutum ba ya zuwa da lamba kamar taya. Kunnen kowa daban, haƙorin kowa daban, saboda haka a nan fasahar ta sami gida. Tun farkon shekarun 2000 kamfanonin na'urar taimaka wa ji, irin su Sonova na Suwizalan, suka koma buga kwanson da ke shiga cikin kunne, kuma yau kusan duk irin wannan kwanso bugagge ne. Kafin nan ma'aikaci ne ke zama ya gyara kowane ɗaya da hannu, idan bai zauna daidai ba a sake daga farko.

Kamfanin Align Technology, mai yin robar daidaita haƙora ta Invisalign, yana buga ɗaruruwan dubban mazubai a kowace rana, babu biyu masu kama da juna. Wannan adadi ya nuna cewa fasahar na iya yin da yawa, matuƙar yawan na abubuwa ne mabambanta.

Likitocin ƙashi suna dasa ƙoƙon ƙugu na taitaniyom da aka buga da ƙananan ramuka a bayansa, ƙashi ya tsiro ya shiga ramukan ya riƙe shi. Akan kuma buga siffar ƙoƙon kan majiyyaci ko muƙamuƙinsa daga hoton sikanin, likita ya gwada aikin a kai kafin ya taɓa mutum. A 2015 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da Spritam, ƙwayar farfaɗiya da aka buga yadda za ta narke nan take da kurɓin ruwa. Amma labarin buga zuciya ko ƙoda a dasa wa mutum har yanzu yana ɗakin bincike. Duk wanda ya ce maka ana yi a asibiti ya wuce gona da iri.

Ana cewa za ta kawo ƙarshen jiran safaya. Gaskiya ne?

Ga wasu kaya, ƙwarai. Matsalar safaya tsohuwa ce: inji yana iya yin shekara talatin ko arba'in yana aiki, wanda ya ƙera shi ya daina yin kayansa, ko ma ya rufe. Ajiye kowane sashe a sito kuwa kuɗi ne a kwance. Idan akwai zanen sashen a kwamfuta, sai a buga shi ranar da aka buƙata.

Kamfanin jiragen ƙasa na Jamus, Deutsche Bahn, ya fara a 2015 da ɗan maratayin riga na cikin tarago, zuwa 2023 ya kai sassa 100,000. Na cikon dubu ɗarin kwanson giyar inji ne na kan jirgin ƙasa mai nauyin kilo 570, kuma ba ƙarfen aka buga ba, mazubin yashinsa aka buga sannan aka zuba ƙarfe. Jiran da ke kai wata goma ya dawo wata biyu. Porsche ma tana buga wasu sassan tsofaffin motocinta da aka daina ƙerawa.

A Maris 2020, lokacin da korona ta yi tsanani a arewacin Italiya, wani asibiti a yankin Brescia ya rasa 'yan bawul na na'urar ba da iska, mai kawo su kuma ya kasa. Wani ƙaramin kamfani mai suna Isinnova ya auna bawul ɗin, ya zana, ya buga kusan ɗari cikin kwana guda. Tun 2014 ma aka gwada irin wannan a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, inda aka aika zanen sifana daga ƙasa, 'yan sama jannati suka buga ta a can.

Sai dai kada a ɗauka kowane safaya zai shiga wannan layi. Yawancin tsofaffin kaya ba su da zane a kwamfuta, sai an auna an zana daga farko. Sannan boris da filogi da belt, waɗanda ake yi miliyan-miliyan, sayensu zai ci gaba da fin buga su araha.

Kayan da aka buga yana da ƙarfi kamar na zubi ko na gurza?

Ya danganta da injin, da kayan haɗi, da kuma wanda ya yi aikin. Kayan zaren roba yana da rauni a tsakanin hawa da hawa, don haka yadda aka kwantar da shi a injin yana iya raba wanda zai jure da wanda zai tsage. Na ƙarfe idan an yi shi da kyau yana kai ƙarfin na zubi, wani lokaci ya fi shi. Amma ba ya fitowa daga inji ya tafi kasuwa. Sai an kakkaɓe gari, an gasa shi a tanda don ya saki taurin da zafi ya bari, an yanke shi daga farantin da aka gina shi a kai, an cire 'yan ginshiƙan tallafi, an gurje wuraren da za su haɗu da wani sashe. Na jirgin sama har hoton cikinsa ake ɗauka a nemi ƙananan kofofin iska da ido ba ya gani. Wannan aikin bayan bugu yakan ci kaso mai tsoka na kuɗin kayan, kuma masu talla ba su cika ambatonsa ba.

Shi ya sa samun amincewar hukuma kan sashe ɗaya na jirgi ko na dasawa a jiki ke ɗaukar shekaru. Ni kuwa ban ga laifin wannan jinkiri ba. Inda rai yake, gara a daɗe ana gwaji.

Idan tana da wannan amfani, me ya hana ta mamaye ko'ina?

Jinkiri da tsada. Injin zubin roba yana tofo murfin kwalba da yawa cikin 'yan daƙiƙoƙi, firinta kuwa sai ta yi mintuna a kan guda ɗaya. Babban injin ƙarfe kuɗinsa daga ɗaruruwan dubban daloli ne zuwa sama da miliyan, garin ƙarfensa ya fi sandar ƙarfe tsada ninkin-ba-ninkin, yana kuma buƙatar iskar agon, wadda ba ta kama wuta, da ɗaki na musamman, domin garin taitaniyom da na alminiyom na iya kamawa da wuta, shaƙarsa kuma illa ce.

Dukan kasuwar wannan fasaha a duniya ta kai kimanin dala biliyan 20 a 2023. Kuɗi ne mai yawa, amma bai kai ko kashi ɗaya cikin ɗari na abin da masana'antun duniya ke samarwa ba. Masu zuba jari da suka ruɗu da zuzutawa sun ji a jikinsu: kamfanin Shapeways, wanda ya yi suna wajen buga wa jama'a kaya ta intanet, ya durƙushe a 2024, hannayen jarin wasu manyan kamfanonin ma suka zube. Fasahar ba ta mutu ba, alƙawarin da aka yi da sunanta ne ya fi ƙarfinta.

Da gaske ana buga gidaje?

Ana buga bango. Babbar na'ura ce ke zagayawa tana zuba kwaɓin siminti layi kan layi. A 2021 kamfanin 14Trees ya buga bangon wata makaranta a gundumar Salima ta Malawi cikin awa 18, daga baya ya fara rukunin gidaje a Kilifi ta Kenya. A Georgetown ta jihar Texas kamfanin ICON ya buga unguwa mai gida ɗari. Amma harsashi da rufi da ƙofofi da wayarin da famfo duk mutane ne ke yi, kuma su ne suka fi cin kuɗin gini. A inda ladan birkila da leburori yake da sauƙi, siminti kuma yake da tsada, lissafin bai cika fita ba tukuna.

Za ta raba mutane da aikinsu?

Wasu ayyukan suna raguwa: inda sassa ashirin suka koma ɗaya, mai haɗa su da mai walda su sun rasa wannan aikin, haka ma kamfanonin da ke kawo sauran sha taran. Masu gyara kwanson na'urar kunne da hannu sun koma zaman gaban kwamfuta ko sun bar sana'ar. A ɗaya gefen ana neman masu zane, masu kula da inji, masu gurza da masu duba inganci. Wanda ya san ƙarfe, ya san inda kaya ke karyewa, ba a gama da shi ba. Shi ne ma ya fi dacewa ya koyi zanen.

Tana rage ɓarna da gurɓata muhalli?

Wani lokaci. A ƙirar sassan jirgi ta hanyar gurza, akan sayi kilo goma ko fiye na taitaniyom a fitar da sashe mai kilo ɗaya, sauran ya zama ɓarɓashi. Bugu yana rage wannan sosai, sashe mara nauyi kuma yana rage shan mai tsawon rayuwar jirgin. Amma narka gari da leza yana shan wuta ƙwarai, yin garin kansa ma haka. Ƙananan injinan roba kuwa sun ƙara wa duniya tarkacen kayan wasa da bugun da ya lalace.

Batun bindiga da satar zane fa?

Damuwa ce ta gaske. A 2013 wani Ba'amurke, Cody Wilson, ya saki zanen bindigar roba a intanet, kuma tun daga lokacin 'yan sanda a ƙasashe da dama suna kama makaman da aka buga wasu sassansu. Satar fasaha ma ta sauƙaƙa, tunda zane fayil ne da ake turawa cikin daƙiƙa. Hatsarin da ya fi kusa da talaka shi ne jabun safaya: sashen da ya yi kama da na asali a ido amma ba a gwada ƙarfinsa ba. Kada wani ya sa bugaggen abu a birki ko sitiyari ko tukunyar gas don kawai ya shiga daidai.

Ina Afirka take a wannan tafiya, kuma ina abin ya shafe mu?

Afirka ta Kudu ce a gaba. Jami'ar Fasaha ta Tsakiya da ke Bloemfontein ta daɗe tana buga sassan taitaniyom da ake dasa wa marasa lafiya a fuska da muƙamuƙi, cibiyar bincike ta CSIR kuma ta haɗa kai da kamfanin Aerosud suka gina babban injin garin ƙarfe mai suna Aeroswift. A Lome ta Togo, a 2013, Kodjo Afate Gnikou ya haɗa firintar 3D daga tarkacen tsofaffin kwamfutoci da na'urorin ofis.

A wajenmu ba na jin injin ƙarfe na dala miliyan ne abin nema yanzu. Ba mu da wutar da za ta riƙe shi, ba mu da masu sayen kayansa. Inda na ga ƙofa a buɗe shi ne wajen masu zubi da masu gyara. A Panteka ta Kaduna da wurare irinta akwai masu zuba alminiyom a yashi, kuma ingancin abin da suke fitarwa ya rataya ne a kan samfurin da suke dannawa cikin yashin. Samfurin roba da aka zana daidai aka buga da ƙaramin inji zai ba su damar zuba fule ko murfin famfon ban-ruwa ko sashen injin niƙa da awo mai kyau, ba sai an sami tsohon a kwaikwaya ba. Masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano suna aiki da injinan da aka shigo da su, kuma ɗan ƙaramin giya na roba ko madafi na iya tsayar da layi guda har sai an kawo daga waje da dala. Haka na'urorin asibiti da ke jibge don wani ɗan maɓalli ko murfi ya karye. Waɗannan ƙananan abubuwa ne, amma su ne daidai ƙarfin injin da matashi zai iya saye.

Wanda yake son farawa, me ya kamata ya sani?

Ya fara da zane kafin inji. Manhajoji irin su FreeCAD da Tinkercad da Blender kyauta ne, haka Cura da PrusaSlicer masu yanyanka zane. Wanda ya iya ɗaukar karyayyen sashe ya auna shi da ma'aunin kauri, ya zana shi daidai, yana da sana'a ko bai mallaki firinta ba, domin zai iya kai fayil ɗin wurin mai ita. Wanda ya sayi inji bai iya zane ba zai ƙare a sauko da kayan wasa daga intanet.

Sai wuta. Bugu ɗaya yana iya ɗaukar awa shida ko goma, idan aka ɗauke wuta a tsakiya sau da yawa aikin ya lalace, don haka inbata ko sola dole ne. Ƙaramin injin zare ba ya shan wuta sosai, matsakaicin batir yana riƙe shi. Ƙurar hunturu tana shiga sandunan da kan injin ke gudu a kai, a rufe shi a riƙa gogewa. Zaren roba yana shan laima da damina, ya riƙa tartsatsi yana ɓata aiki, saboda haka a ajiye shi cikin roba mai murfi.

A kula da irin zaren. PLA shi ne mafi sauƙin bugu, amma yana fara laushi a wajen digiri 60, zafin da cikin motar da aka rufe a rana a Sakkwato ko Maiduguri ke iya kaiwa a watan Afrilu. Abin da zai zauna a rana ko kusa da inji a yi shi da PETG ko ABS ko nailan, kuma idan ABS ne a buɗe taga, domin warinsa ba na shaƙa ba ne. Wajen yanka wa mai kaya farashi a lissafa awannin inji da lokacin zane da bugun da zai lalace, ba nauyin zare kaɗai ba, a kuma gaya masa gaskiyar nauyin da sashen zai iya ɗauka kafin ya biya.